Ruwan da Taubashiyata Ta Ƙi Sha

Ƙarfe tara da rabi na safe muka zauna a zauren mai unguwarmu a Birnin Gwari, wata ranar Laraba bayan an gama girbin masara. Waɗanda suke wurin su ne mai unguwa da kansa, da wani dattijo makaho, tsohon mai sayar da goro wanda ya girme mu duka, da ni, sai sauran tsofaffin unguwa da masu lalurar ƙafa ko ta ido, kowa da sandarsa a gefensa. Mata suna can cikin gida, a rumfar uwargidan mai unguwa. Baƙuwarmu wata likita ce daga jami'a, ba ta wuce sa'ar babbar 'yata ba. Malama muke ce mata. Ta zo da abokan aikinta biyu.

Ta durƙusa ta gaishe mu yadda ya kamata, sannan ta ce ba magani ta kawo ba, ba kuma rabon kaya za a yi ba. Bincike suke so su yi a kan tsufa da nakasa, amma ba sa so su zauna a ofis su zaɓar mana abin da yake damunmu. Mu za mu faɗi abin da za a bincika, mu zauna cikin aikin har ƙarshensa, mu ne kuma za mu ce an yi daidai ko ba a yi ba. Ni dai tun da nake ban taɓa jin an zo wa tsoho da irin wannan magana ba.

Ni aka ɗora wa kula da tsarin zama. Firamare kawai na gama, amma na yi aikin gadin gandun daji har na yi ritaya, kuma an san ba na son makara, ba na son mutum biyu su yi magana lokaci ɗaya. Na tsara yadda aka saba: babba ya fara, na ƙasa da shi ya biyo.

Dattijon makaho ya gyara murya ya ce, “To 'yata, mu dai sai godiyar Allah. Muna ci, muna sha, muna zuwa masallaci. Alhamdulillahi.”

Na biye da shi ya ce, “Abin da Baba ya faɗa, shi ne.” Haka aka yi ta bi har aka zo kaina, ni ma na ce shi ne. Har gobe ban ga laifin wannan ba, haka aka koya mana. Malama ma ta san halinmu, shi ya sa ta raba maza da mata tun farko, ta kuma bi mutane ɗaya bayan ɗaya tana tambaya a hankali. Iyakar abin da ta samu shi ne gwiwa tana ɗan taɓawa, ido ya ɗan yi hazo, in da hali a taimaka da sanda. A wajen mata ma haka, kowace ta ce jiki da sauƙi. Na ji abokan aikinta suna cewa ke nan a kan sanduna da keken guragu za a yi aikin.

A cikin matan nan akwai taubashiyata, 'yar kawuna, wan mahaifiyata. A Kakangi aka haife ta, can na yi yawancin ƙuruciyata ni ma, don duk damina ana tura ni gidan kawu in taya noma. Tare muke shiga daji tsintar kaɗanya tun rana ba ta fito ba, ƙafa sharkaf da raɓa. A lokacin mace ita kaɗai takan ɗauki ƙwarya ta nausa har inda ba a jin carar zakaran gari, ba abin da take tsoro sai maciji. Mukan tarar da Fulani sun sauka a bakin rafi, su ba mu nono mu ba su gasasshiyar masara. Ita ce take hawa ɗorawa ta kakkaɓo, ni in tsaya a ƙasa ina tarawa, in ta sauko ta ce ai aikin bawa ke nan. Da yake ita 'yar namiji ce ni ɗan mace, bawa take kirana tun ban san ma'anar kalmar ba. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

A Kakangi ta yi aure, ta haihu, ta binne mijinta. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, 'yarta ta ɗauko ta ta dawo da ita cikin gari, gidan surukinta, wani mai sayar da hatsi, mutumin kirki. Ni kuma ƙafa ta yi mini nauyi, sai na daɗe ban leƙa ta ba.

Da aka tashi daga zaman, an kawo kunun zaƙi ana rabawa a ƙofar zaure, sai ga ta ta fito tana dogara sanda. Na ga ta rame ƙwarai.

“Kai bawa,” ta ce, “ba ka iya gaisuwa ba ne, ko zaman daji ne ya mayar da kai biri?”

“Mutane nake gaisarwa, ba ƙasusuwa ba. Ke tsohuwa, wa ya tsotse ki haka? Ko surukin naki awo yake yi da tuwonki?”

“Rufe bakinka. Ya fi ka, kai da ko goro ba ka taɓa saya mini ba.”

Aka miƙo mata kofin kunu, ta tura mini. “Shanye, ina azumi.”

“Ran Laraba? Azumin me? Ke da kike shanye ƙwaryar fura kafin a nemo ludayi?”

Ta matso kusa, tana dariya, ta ce, “Wanda ya sha ai sai ya je ya zubar. In na tsuguna kai za ka zo ka ɗaga ni?”

Na yi dariya ni ma. Sai da ta juya na tuna leɓenta duk a tsage yake. Malama tana bayanmu tana sa takalmi, ta ji komai. Bayan taubashiyata ta yi nisa Malama ta tambaye ni, “Baba, mece ce ita a wurinka?” Na gaya mata. Sai ta ce, “A ciki ta ce mini lafiyarta ƙalau. Baba, tsohuwar da ba ta shan ruwa, ƙodarta ce take cikin haɗari. Ba abin wasa ba ne.”

Laraba ta gaba Malama ba ta ambaci kowa ba. Tambaya ɗaya ta kawo wa zauren: in jikin mutum ya yi masa abin kunya, wa yake iya gaya wa? Wani ya ce Allah. Dattijon makaho ya ce wannan gaskiya ne, amma a cikin mutane shi kam taubashinsa ne, wani tsoho da ya baro Gayam, kullum sai ya zo ya zage shi kafin ya karya kumallo. Aka fashe da dariya. Daga nan baki ya buɗe. Ɗa ba a gaya masa, balle ɗan fari. Suruki ko a mafarki. Likita baƙo ne, ana yi masa kara. Amma abokin wasa, tun da ba ya jin kunyarka, kai ma ba ka jin tasa. Kafin azahar tsofaffin nan sun yanke cewa kada 'yan jami'a su ƙara yi wa kowa tambaya. Kowane tsoho a nemo abokin wasansa, shi zai je ya ji, ya kawo wa zaure.

Ni na ƙi. Na ce aikin hukuma ba a yin sa da zolaya, in aka bari kowa ya je yana zagin kowa, ba za a san farko ba balle ƙarshe. Aka rinjaye ni. Da na ga haka na ce to sai an bi sharuɗɗa. Na farko, abin da aka faɗa cikin wasa amana ne, ba a kawo shi zaure sai mai maganar ya yarda. Na biyu, ba a kama suna. Na uku kuma, a je da safe, kafin rana ta yi zafi tsoho ya gaji ya fara cewa da sauƙi don a tafi a ba shi wuri. Malama ta ce na farkon ko a jami'a haka dokar take. Na ji daɗin wannan.

Washegari na tafi gidan surukin. Na same shi a tsakar gida a kan tabarma, inda yake zama kullum kafin ya tafi kasuwa. Ya tashi ya karɓi sandata, ya ce, “Sannu da zuwa Baba. Inna tana ciki. Ai mu Allah Ya ba mu baiwa a gidan nan. A da azumin Litinin da Alhamis take yi, yanzu kusan kullum tana azumi. Ko an sha ruwa, kurɓi kaɗan take yi ta koma kan carbi.” Da alfahari ya faɗa. 'Yarta ma haka, har maƙwabta suna aiko da yara a tofa musu addu'a.

Ina tafiya ɗakinta ina duba gidan, don aikin daji ya koya mini duba wuri. Makewayi ɗaya ne, yana daf da ƙofar ɗakin maigidan, ƙofarsa ta kwano ce mai ƙara. Duk wanda zai shiga sai ya wuce ta gaban tabarmar nan.

Na zauna a bakin ƙofarta na ce, “Waliyyiya, na zo neman tubarraki.”

“Ka makara, an rufe. Me ya kawo ka?”

“Zaure ne ya aiko ni in ji abin da yake damunki.”

“Kai ne kake damuna.”

Mun daɗe a haka. Na tsokane ta da zancen ranar da reshen ɗorawa ya karye da ita, ta rama da ranar da gwanki ya bi ni na bar takalmi a daji. Can sai ta leƙa ta ga surukin ya fita, ta sauke murya. A Kakangi, in ji ta, bayan gidanta fili ne, akwai wata saiwar bishiyar maje da ta fito sama, a kanta take ɗan zama, ta kama reshe ta miƙe, ba wanda ya sani. A nan kuwa masai ne, rami a ƙasa, bango sumul ba abin kamawa. Wata rana ta tsuguna gwiwa ta ƙi tashi. 'Yarta ta tafi suna, surukin yana zaune a tabarmarsa, tana jin tarinsa. Ta gwammace ta mutu a wurin da ta kira shi. Haka ta zauna a ƙasan masai har 'yar ta dawo da la'asar, ta ce mata jiri ne ya ɗebe ta. Tun daga ranar ta rage ci, ta rage sha.

“Azumin fa?” na ce.

“Da gaske nake ɗaukar niyya, ba na yi wa Allah ƙarya. Amma Ya san niyyata biyu ce.” Ta kuma ce kwanan nan fitsarin yana yi mata zafi, da zazzaɓi da yamma.

Na ce zan kai maganar zaure. Ta ce in na kai ba ta yafe mini ba duniya da lahira. Na ce ba za a kama suna ba. Ta ce unguwar nan tsohuwa nawa ce take azumi kullum? Na yi mata faɗa sosai, na ce kashe kanta take yi, kuma wannan ba ibada ba ce. Ta juya mini baya.

Sharaɗin da na kafa da bakina ya ɗaure ni. Na zauna ina kallon ƙeyarta. Daga ƙarshe na gaya mata abin da ko matata ba ta san dalilinsa ba, cewa ni ma na ɗaura igiyar guga a azarar makewayina, da ita nake jan jikina in miƙe, kuma ranar da ta tsinke sai da na fito da rarrafe.

Ta juyo. Ta dube ni sama da ƙasa, sai ta kama dariya har da hawaye, tana dukan tabarma. “Malamin daji! Mai kama ɓarayin katako! Da rarrafe!” Da ta nutsu ta share ido ta ce, “To ga nawa sharaɗin. Ka tashi a gaban mazan nan ka faɗi naka, da fuskarka. In ka iya, ka ƙara da cewa akwai wata tsohuwa mai irinsa. Kada ka ambaci azumi.”

Ban yi barcin kirki ba har Laraba. Da aka zauna na nemi izinin dattijon makaho in riga shi magana, abin da ban taɓa yi ba. Na miƙe na faɗi zancen igiya daga farko har ƙarshe. Aka yi dariya, ba zan ɓoye ba, mai unguwa har da riƙe ciki. Sai dattijon ya ce, “Kai igiya ka samu. Ni turmi nake sa a mirgina mini.” Sauran waɗanda aka aika su ma suka fara sauke abin da suka jiyo, kusan duk maganar ɗaya ce. Wani ya daina zuwa sallar Juma'a don tsoron kada bayan gida ya kama shi a hanya. Wata ba ta cin tuwon dare. Wani gurgu ya ce shi shekara da shekaru da hannunsa yake taka ƙasan masai, ba wanda ya taɓa tambayarsa. Malama ta ce, “To iyayena, me za mu bincika?” Aka ce wannan.

A ranar na roƙi taubashiyata ta bar Malama ta duba ta a keɓe. Ta yarda, don na cika alkawari. Aka kai ta asibiti, ta kwana biyu ana ƙara mata ruwa. Mutanen gida sun ɗauka zazzaɓi ne kawai.

Abin da aka fara gwadawa kujera ce ta katako mai rami a tsakiya, kafinta ya yi, aka raba mana mu gwada mu kawo bayani. Ni ta yi mini. Ita ko taɓawa ba ta yi ba. “Bawa, kai ba ka da hankali ne? In ɗauki wannan in ratsa tsakar gida da ita a gaban surukina? Ai gara in yi shela a kasuwa.” Ta ce in gaya musu abin da ake ɗauka ba zai yi ba. A gina shi a ciki kamar dakali, ya zauna can, a kafa turke a gefe na kamawa. Na kai saƙon. Mata da yawa suka ce bakinsu ta ara. Abokan aikin Malama suka zo da magini aka yi ta aune-aune. Na so a yi turken da kirya, don gara ba ta cin ta, na kuma san inda take tsaye a gandun, wajen da muke hutawa da rana muna jin kukan tsuntsaye. Amma wa zai shiga dajin yanzu? Da guntun bututun ƙarfe aka yi.

Saura yadda za a gina a gidan suruki ba tare da an gaya masa dalili ba. Zauren ya yanke cewa duk gidan da yake da tsoho a cikin aikin za a gina, ko ya nema ko bai nema ba, a ce tsarin binciken ne. Mai unguwa ya fara da nasa gidan. Da aka zo gidan mai hatsi ya ce bismillah, ya tsaya yana kallon magini yana jera bulo. Bai tambayi kowa komai ba. Amma da na koma bayan mako guda na tarar an shafa wa ƙofar kwanon mai, an kafa zana ta tare hanyar makewayin, tabarmarsa kuma ta koma zaure. Bai ƙara zama a tsakar gida da safe ba har ta bar duniya.

Ranar da Malama ta zo karanta mana abin da aka gano don mu gyara, maza da mata aka haɗa, an sa labule a tsakani. Tana cikin bayanin tsayin dakalin sai muka ji murya daga bayan labule: “'Yata, wanda kuka yi mini ya yi tsawo, ƙafata lilo take yi. Da wannan dogon banzan kuka auna, ai ba kowa ne raƙumi ba.” Ni take nufi. Ita da ta ce ko za ta mutu ba za a ji ba, ita ce ta faɗa da bakinta a gaban mai unguwa. Aka rage bulo ɗaya, aka kuma gyara a cikin bayanin cewa kowane tsoho da shi za a auna nasa.

Ta ƙara damina da dama bayan haka. Kumatunta ya dawo, azuminta ya koma Litinin da Alhamis. Kakangi dai ba ta sake gani ba. In na je mukan zauna mu lissafa gonaki da sunayen rafuka, wanda ya manta ɗaya a yi masa dariya. A ciwonta na ƙarshe na tambaye ta ko in rubuta wannan labari. Ta ce, “In na tafi ka rubuta har azumin, ko wata za ta amfana. Amma ka kama sunana ka gani.” Dattijon makaho ya riga ta rasuwa, taubashinsa na Gayam ya bi shi ba da jimawa ba. Yanzu in na wuce zauren nan ran Laraba, awaki nake gani a ƙofa. Ba sauran mai ce mini bawa, kuma akwai abubuwan da jikina yake yi mini yanzu da ban san wa zan gaya wa ba.

Don haka ga roƙona gare ka, kai mai karatu. In akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku, ka bincika ko abokin wasansu yana raye. Rikicin nan ya warwatsa mutane, wataƙila yana Tabanni, wataƙila yana wata unguwa a cikin gari ba wanda ya sani. Ka nemo shi, ka kawo shi da safe, ka shimfiɗa musu tabarma, ka ajiye musu ruwa. Sannan ka tashi ka fita daga gidan, kada ka tsaya a bakin ƙofa.